Noman Murjani a Kwalbar Alewa

Ko na manta da duk abin da ya same ni a shekarun da na yi ina aikin gwamnati, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe ɗakin ajiyata a Tasawa ba, a gaban ajidan, shugaban jandarmomin garin, da mai unguwa, da kusan rabin matan unguwarmu. Na daɗe ina ƙin ba da labarin nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne, na ji ana ba da shi a Mayahi ba bisa ƙa'ida ba, har wani yana rantsuwa wai kifi na shuka a tukunya. Ban shuka kifi ba. Murjani na shuka, kuma rajistar tana nan ga mai son dubawa.

Aikina a lokacin shi ne auna ruwan sama. Akwai ma'auni a bayan bironmu, wato ofishinmu, bisa turken ƙarfe. Kowace safiya ƙarfe bakwai nakan je in duba, in juye abin da ya taru cikin kwalbar awo, in rubuta. Shekarar da nake magana a kanta shekarar babban fari ce, zamanin mulkin soja, saboda haka abin da na fi samu cikin ma'aunin shi ne rairayi da ƙwari, sau ɗaya kuma ƙadangare. Duk da haka ban taɓa fashi ba. Nakan ja layi da kyau, in rubuta néant, wato babu, in sa hannu. (Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in cika shafin wata guda tun ranar ɗaya ga wata in huta. Na yi mako biyu ba na gaisawa da shi.) Irin mutumin da nake ke nan, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin shi zai nuna masa yadda mutum mai tsari ya kai kansa inda na kai kaina.

Shekara uku kafin farin, an tura ni istaj, wato kwas na ƙaro ilimi, a Kwatano, bakin teku. Baturen da ke koyar da mu ya gayyace mu gidansa wata Lahadi, muka tarar da akwatin gilashi cike da ruwan teku a tsakiyar falonsa, da ƙananan kifaye, da wasu abubuwa masu rassa, wasu ja wasu fatsi-fatsi. Ya ce murjani ne. Ya ce murjani halitta ce mai rai, tana girma. A gabanmu ya sa awartaki ya ɓalle ɗan reshe, ya manna shi kan tsakuwa, ya ce bayan watanni zai zama sabon tushe, kuma haka yake yi yana sayar wa 'yan'uwansa masu sha'awar irin wannan akwati, abin da yake samu har ya ishe shi shan man mota. Abokan tafiyata suna ta shan lemo. Ni kuwa na fito da kaye, littafin rubutuna, na rubuta komai: gishiri giram talatin da biyar a kowace lita, iska safe da yamma, haske amma ban da zafin rana, kada hannu ya yawaita shiga. Tambaya ɗaya ta zo mini har baki, ko murjanin da ya riga ya bushe zai farfaɗo in ya ji ruwa, amma na haɗiye ta, don kada a ce na ɗaya a aji bai gane ba. A hanyar komawa masauki na ba kaina amsa: ai irin hatsi ma busasshe ake shuka shi.

Matata Rakiya 'yar Hawandawaki ce. Mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, ta bar mata zaren murjani mai ƙwaya arba'in, wanda ita ma gadonsa ta yi, tare da wasiyyar kada a sayar sai ranar da yunwa ta shigo gida. A shekarar nan yunwa ta iso bakin ƙofa. Gidan surukina sun sayar da jaki, sun sayar da awaki, sun fara haɗawa da anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da sai yunwa ke sa a ci, ƙannen Rakiya mata biyu kuma sun tare a wurinmu da 'ya'yansu. A gidana dai tuwon hatsi bai yanke ba, abin da nake yawan ambata a biro a matsayin shaidar cewa tsari ya fi yawan albashi. Amma na san murjanin nan shi ne abu na ƙarshe da ya rage tsakanin surukaina da barin gari. Na san kuma in aka kai shi kasuwa a lokacin da kowace mace ke fito da kayanta, za a saye shi a wulaƙance, a ci wata uku, a zauna ba murjani ba hatsi. Nan ne kayen Kwatano ya dawo mini. In ƙwaya arba'in za ta zama tamanin, sai a sayar da rabi a ci, a sake shuka rabi. Na ga kaina na ceci mutanen Hawandawaki. Na kuma ga (tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya) Alhazan Maradi suna jirana a zaure, da sabuwar mobilet, ɗan babur ɗin nan, a jingine ƙarƙashin itacen bedi.

Ban shawarci Rakiya ba. Hujjata ita ce, kimiyya tana son haƙuri, kuma abin da matata ta sani yau, matan bakin rijiya za su san shi gobe. Wata rana da suka fita suna ita da ƙannenta, na jawo kwallarta, babban kwanon da take ajiye kayan adonta, daga ƙarƙashin gado, na kwance ƙyallen, na ɗauki murjanin. Amma ni ba ɓarawo ba ne. Na zauna na rubuta takardar shaidar aro, da Faransanci mai kyau, da kwanan wata da sa hannu, na naɗe ta cikin ƙyallen na mayar inda yake. (Rakiya ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. Wannan ya faɗo mini a rai tun ina rubutun, na ce wannan ba laifin doka ba ne.)

Akwatin gilashi bai samu ba, sai na sayi manyan kwalaben alewa uku daga wani mai tebur da cinikinsa ya mutu. Na sayi gishirin Bilma, na auna shi da sikelin biro bayan na sa hannu a littafin aro. Iska kuwa, famfon kekena da guntun tiyo, bugu ɗari da safe, ɗari da yamma. Na jera komai cikin ƙaramin ɗakin da ke jikin zaure, inda a da muke ajiye damman hatsi, na sa masa sabon kwaɗo. Sannan na yi bisimilla na sa awartaki na raba ƙwaya ashirin gida biyu-biyu, na bar ashirin yadda suke don kwatance. Na san in abin bai yi ba, na farfasa gadon mutane. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne yadda suka yanku ba gardama. Na buɗe sabuwar rajista na rubuta: "Rana ta ɗaya. Cikinsu da laushi. Alama ce ta sauran rai."

Ruwa shi ne matsala ta farko. Mai kawo mana ruwa wani dattijo ne mutumin Maijirgi, Baba Illo, wanda fari ya cinye shanunsa ya shigo gari yana ga-ruwa. A lokacin garwa ɗaya sai an yi rabin yini ana layi. Da na ce ya riƙa ƙara mini ɗaya kullum ya ajiye a zaure, ya dube ni ya dubi kwaɗon.

"Mushe, doki ka saye ba mu ji kukanshi ba?"

"Aikin biro ne," na ce masa. (Mushe, wato monsieur, shi ne yadda ake kiran ma'aikaci a wajenmu.)

"To, Allah shi taimaka. Ni dai kullum in na wuce ina jin abu na huci ciki, fuu, fuu, kamar zuga-zugin maƙeri."

Ya tafi yana dariya. Ni kuwa na shiga na rubuta a gefen shafi: "Illo ya yi tambaya biyu. A sa ido."

A mako na biyu wani farin abu ya fara fitowa a jikin ƙwayoyin, musamman wajen yankan. Na sa ma'auni: rabin milimita. Bayan kwana biyar ya kai milimita guda. Mai karatu ya tuna, wata da watanni ke nan ban rubuta komai ba sai néant. Ranar da na rubuta lamba ta gaskiya, sai da ƙwalla ta zo mini. Da ruwan ya ragu nakan cika shi da wani mai gishiri daidai awon kaye, domin ƙa'ida ƙa'ida ce. A mako na huɗu na shiga da safe na tarar da guda shida sun bar gindin kwalba sun taso sama suna lilo. Na rubuta da manyan baƙaƙe: "Sun fara motsi. Suna neman iska da kansu." Ranar na ƙara musu bugu hamsin.

Daga nan barci da kwanciyar rai suka ƙaurace mini, domin mai dukiya irin wannan ba ya rasa masu fakonsa. Baba Illo ya fara daɗewa a zaure wai yana hutawa. Mai unguwa ya tsayar da ni bayan sallar la'asar yana tambayar lafiyar gida har sau uku, wanda a ganina sau ɗaya ya wadatar. Mafi muni, Inna Tsahara, tsohuwar dillaliyar unguwarmu da ke yawo da kayan mata gida-gida, ta mai da gidana wurin zuwanta kullum. Su shige ɗaki ita da Rakiya suna ƙus-ƙus, ina yin gyaran murya su yi tsit. Na yanke hukunci cewa Alhazan kasuwa ne suka turo ta. Rakiya kanta ta canza: ta daina haɗa ido da ni, takan durƙusa ta ajiye abinci ta tashi da sauri, wani lokaci idonta ja. Ba ta taɓa ambatar murjani ba, na ɗauka ba ta buɗe kwallar ba, jan idon kuma na danganta shi da tunanin iyayenta. A rajista na rubuta: "Gida lafiya. Ba ta sani ba."

Don in kama mai leƙe, na tankaɗe rairayi mai laushi na shimfiɗa a ƙasan ɗakin, kullum in zan fita in share sawuna da baya-baya. Kwana tara ba komai. Rana ta goma, ranar da na manta mabuɗi cikin aljihun rigar da na bayar wanki, na dawo na tarar da sawun takalmi, ya shiga har gaban kwalabe, ya tsaya, ya juya. Ba a taɓa komai ba, amma an gani. Na ɗora takarda na zana sawun, na auna tsawo da faɗi. Washegari da Baba Illo ya tuɓe takalminsa na taya zai yi salla a zaure, na lallaɓa na auna. Bambancin santimita ɗaya da rabi ne, wanda na danganta da gaggawar mai laifi. (Maganar rigar wanki kuwa ban sa ta cikin bincike ba, domin ba ta dace da sakamakon da na riga na samu ba.)

Na zauna na rubuta ƙara zuwa ga jandarmomi, kwafi uku da karbon. Na ce wani mai suna Illo, ga-ruwa, ya shiga ɗakin ajiyata ba izini, ɗakin da ke ɗauke da "kaya masu daraja ƙwarai, waɗanda amfaninsu ya shafi ƙasa baki ɗaya". Na yi alfahari da wannan jimla. Na karanta ta sau huɗu kafin in liƙe ambulan.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, mota ta tsaya ƙofar gidana. Ajidan ne da mutanensa biyu, da mai unguwa, da Baba Illo a tsakiyarsu, sandar garwayensa tana kafaɗa don daga bakin rijiya aka ɗauko shi. Motar jandarma a ƙofar ma'aikaci ba ta buƙatar sanƙira. Kafin in gama sa hula, titi ya cika, mata sun hau turame suna leƙe ta kan katanga.

Ajidan ya ɗaga takardata. "Mushe, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, mon adjudant."

"Mai auna ruwa, a shekarar da ba ruwa, yana da kaya masu daraja da suka shafi ƙasa baki ɗaya." Ya ninke takardar a hankali. "Buhu nawa ne?"

Sai a lokacin na fahimci yadda jimlata ta sauka a kunnen soja. A zamanin nan wanda aka samu ya ɓoye hatsin agaji ba a yi masa tambaya ta biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da ko fensirin biro ban taɓa kai wa gida ba! Na ce masa zargin nan cin mutunci ne, na miƙa mabuɗi da hannu biyu.

Aka buɗe. Ajidan ya shiga da shirin ganin buhuna, ya tarar da kwalaben alewa uku bisa benci, da jajayen abubuwa suna yawo a saman ruwa. Ɗaya daga cikin jandarmomin ya ɗaga famfon keke.

"Wannan fa?"

"Na ba su iska ne."

"Su wa?"

"Murjanin."

Shiru ya biyo baya, ni kuwa na ɗauke shi shirun girmamawa. Na sa aka fito da kwalaben zaure inda kowa zai gani, na buɗe rajista, na gyara tsayuwa, na yi musu bayani tun daga Kwatano. Na karanta awon kowane mako. Na karanta wurin da suka fara motsi. Na yi hasashen cewa nan da shekara biyar Tasawa za ta riƙa tura murjani har Kano. Na lura mai unguwa ya ja rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka tari ne.

Ajidan, Allah ya saka masa, mutum ne mai bin abu daki-daki. Ya ce a fara da ƙarar. Ya shimfiɗa zanen sawun a ƙasa, ya ce Baba Illo ya ɗora takalminsa.

"Ranka shi daɗe," in ji tsohon, "ni da ko zauren ga ban shiga sai da sallama. Shanu arba'in na rasa ban ɗauki na kowa ba, sai alewar Mushe?"

Takalmin bai hau ba, ya zarce ta gaba ya zarce ta gefe. Ajidan ya waiwaya, idonsa ya sauka kan wasu silifa a gindin randa. Ya tambayi na wane ne, na ce nawa ne na alwala. Ya ɗauko da bakin sandarsa ya ɗora bisa zanen. Suka zauna daram, har da gurbin ƙusar da na kafe maɗaurin da ita, wadda na zana da hannuna na kuma rubuta a gefe: "alama ta musamman".

Daga bayan zana aka ji muryar Rakiya, ƙasa-ƙasa. "Ni ce na shiga. Takalminshi na tarar bakin ƙofa na zura."

Da na yi shiru a nan, da labarin ya tsaya kan mutumin da ya kai ƙarar silifansa, kuma da an manta da shi kafin damina. Amma ajidan ya soma cewa tunda ba a saci komai ba, kuma kayan ba su da wata daraja, zai rufe magana. Kalmar nan ta "ba daraja" ita ta tsaya mini a wuya. Na ce ban yarda ba. Na ce ina neman a kira masani ya kimanta kayan a rubuta a rahoto, kamar yadda doka ta tanada. Ajidan ya dube ni irin duban da likita ke yi wa majinyacin da ya nace sai an yi masa allura, ya juya ga jama'a ya ce wa ya san murjani. Mata suka turo Inna Tsahara gaba.

Ta leƙa kwalba ɗaya daga nesa ta ja baya. "Ɗana, idona ya mutu, ban gani sosai. Ku bar ni in tahi, na bar tukunya bisa wuta."

Wannan ya tabbatar mini da zargina. Na ɗaga murya yadda na bayan katanga za su ji, na ce ga shi nan, ta ƙi faɗin gaskiya ne don ta karya darajar kayan, iyayen gidanta na kasuwa su zo su saye da arha. Na ce wata guda ke nan tana sintiri a gidana, kuma duk ranakun suna rubuce.

Tsohuwar ta tsaya cak. Ba ni ta kalla ba, zanan da Rakiya ke bayansa ta kalla.

"Inna," in ji Rakiya, "faɗi kawai. Na gaji."

Inna Tsahara ta naɗe hannun riga ta tsoma hannu cikin kwalbar (na buɗe baki zan ce hannu ba ya shiga, ajidan ya ɗaga mini yatsa). Ta ciro ƙwaya ɗaya, ta zare allura daga ɗankwalinta, ta ce a ba ta ashana. Ta gasa bakin allurar har ya yi ja, ta dangwala. Allurar ta shige kamar cikin man shanu. Wani siririn hayaƙi ya tashi, zauren ya cika da warin da kowa ya sani, warin silifa in ya faɗa murhu.

"Ɗana, murjani nauyi gare shi, sanyi gare shi ko da bazara, in ka jefa shi ruwa ƙasa yake tahiya ya zauna. Wanga roba ce. Ni na sawo ta da hannuna."

"Farin nan fa?" na ce, ina nuna mata da ma'auni. "Milimita uku da rabi. Ya girma, Inna, a rubuce yake."

Ta kankara da farce ta ɗora a harshe ta tofar. "Gishirinka ne."

Ban san lokacin da na tambayi inda na gaskiyar yake ba. Da na san amsar da ban tambaya a gaban mutane ba.

"Yana cikinka," in ji ta. "Wata shida ke nan da ɗiyar ga ta ba ni shi tana kuka na kai Maradi na saida, anka sayi hatsi. Rabin hatsin an kai ma ubanta Hawandawaki da amalanke, rabi ko shi ne tuwon da kake ci kana zuwa biro kana faɗin tsari. Ta ce in samo mata na roba ta riƙa sawa biki, kada duniya ta san gidan Mushe ya kai ga haka. To ga shi ka tara mata duniyar da kanka."

Ba a yi dariya nan take ba, kuma wannan shirun ya fi mini dariyar ciwo. Sai da wata mata a kan katanga ta ce, "Oh ni, har iska yake ba ta," sannan titi ya fashe. Jandarman da ke riƙe da famfo ya jingina da bango. Mai unguwa ya daina ɓoyewa.

Ajidan bai yi dariya ba. Ya ce, "Mushe, gari na layi tun asuba kan garwa guda, kai kana shayar da roba kullum, ka kuma sa an kamo dattijo daga bakin sana'arsa. Ka ba shi haƙuri yadda kowa zai ji. Sannan tunda kana son rubutu, rubuta sakamakon bincikenka, in sa hannu."

Na cire hula na durƙusa gaban mutumin da a takardata na kira Illo kawai, na ce, "Baba Illo, na zalunce ka, ka yafe mini." Ya ɗauki sandarsa ya saɓa. "Ba komai, Mushe, Allah shi yafe mu duka. Gobe garwa biyu zan kawo ko har da ta dabbobin?" Na koma kan rajista, na ja layi da kyau, na rubuta kalmar da hannuna ya fi sabawa da ita: néant. Ajidan ya sa hannu a ƙasa. Ruwan kwalaben aka zuba wa jakin maƙwabci, ya sunsuna ya kau da kai.

Da jama'a suka watse na shiga ciki. Rakiya tana zaune bakin gado. Ita ta fara magana.

"Wata da watanni ina sa shi suna da biki, ba macen da ta gane. Kai da iliminka, Malam, hantsi guda ya ishe ka." Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata takarda da ta yi laushi don ninki da gumi. Takardar arona ce. Tun ranar da ta gan ta a madadin murjanin take yawo da ita a jiki. Ta ɗauka na gano robar ne, na ɗauke ta don shaida, takardar kuma ko sammaci ce ko ta saki. Ba ta iya kai wa kowa ya karanta mata ba, don mai karantawa zai ji asirin; shi ne suke ta shawara da Inna Tsahara, shi ne kuma ta shiga ɗakin ta ga abin da nake shirya mata. "Na ga kwalabe na ce shi ke nan, har asiri ya koma yi mini. Karanta mini ita yanzu, da Hausa."

Na karanta. "Ni mai sa hannu a ƙasa, na shaida na karɓi aron murjani ƙwaya arba'in daga hannun matata, ba da saninta ba, kuma na ɗauki alkawarin mayar mata da ninki biyu."

Ta karɓe takardar daga hannuna, ta ninke, ta mayar cikin kwalla. "To, ina jira," ta ce.

Abin da ya rage shi ne mutanen Hawandawaki, waɗanda hatsin murjanin ya kusa ƙare musu, kuma yanzu na san ba wani abu a ƙarƙashin gado. A makon nan na sayar da kekena da rediyo da agogon da aka ba ni kyautar na ɗaya a istaj, aka ɗora musu abin da ya samu bisa amalanke. Da shi da ɗan agajin da ya iso suka kai damina ba su bar gari ba. Ni da na hango mobilet, na koma zuwa duba ma'aunin ruwa da ƙafa. Famfon kawai ya rage mini, don mai sayen keken ya ce ya ji tarihinsa, ba ya so. Bayan shekara na nemi canjin wurin aiki aka kai ni Mayahi, ina murna zan fara sabon shafi. Ranar kasuwar farko, mai nama ya miƙo mini tsire yana tambaya cikin ladabi ko bana murjani ya yi kyau wajenmu.

Darasin da na ɗauka ba mai yawa ba ne, amma na biya shi da tsada. Kafin mutum ya auna ko abu ya girma, ya fara tambayar matar gidan mene ne abin. In kuma tuwo bai yanke ba a shekarar da ya yanke wa kowa, ya tambayi daga ina, kafin ya je biro ya yi jawabi. Rakiya ba ta taɓa yi mini gori da baki ba. Sai dai takardar tana nan cikin kwalla har yau, kuma duk ranar da na gyara zama a gaban baƙi na soma cewa "bisa ga awona", takan ɗan juya ta kalli ƙofar ɗakinta, ni kuma in ce a kawo shayi.